Tsohon da ya ce ƙwallona ta hau layi

Salamu alaikum ƴan uwa na Maraɗi, ina gajiya, ina zahi. Yau shekarata 3 a Liyon ta ƙasar Faransa, kuma abin da ya faru da ni ran Lahadi ya hana ni sukuni sai na ba ku labari.

Akwai wani tsoho maƙwabcina Bafaranshe, ya haura 70, shi ya matsa mini sai na koyi tanis. Na sayi raket, wato abin buga ƙwallon, euro 25, wajen jika 16 kenan, da gwangwanin ƙwallo guda 4, muka tahi filin da magajin gari ya gina ma mutanen unguwa. Wallahi da na ga filin sai da gabana ya faɗi, ja wur kamar jar ƙasar hanyoyinmu, ashe garin jan bulo ne suke niƙawa su shimfiɗa, irin na Roland Garros, filin babbar gasar tanis ta Paris, inda Nadal ɗan wasan Sifaniya ya ɗauki kofi har sau 14.

Lissafin ne ya fara ruɗa ni. In ka ci maki na farko ba a ce 1 ba sai 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu ka ci wasan, amma in kun haɗu 40 da 40 sai ka ci biyu a jere, in ka ci ɗaya ka faɗi ɗaya an koma kunnen doki. Wasa 6 ke ba ka zagaye, shi ma sai da ratar biyu, in aka kai 6 da 6 a yi na raba gardama zuwa maki 7. Mai bugun farko dama biyu gare shi, ƙwallo ta tsallake raga ta faɗa akwatin da ke karkace da shi, ya kuskure sau biyu maki ya tahi. Kuma sau ɗaya tak ƙwallo ke taɓa ƙasa ka mayar.

To ran Lahadin nan muna 40 da 40, wasan da zai ba ni zagaye na farko tunda na fara, na ci ɗaya saura ɗaya. Na buga ta can ƙarshen fili, ni da idona na ga kamar ta fita, har na juya. Sai tsohon nan ya duƙa da ƙyar saboda gwiwa, ya duba tabon da ta bari a ƙasa, ya kira ni ya ce ɗana zo ka gani, ta taɓa layi, kuma layi cikin fili yake, naka ne. Ba alƙalin wasa, ba ɗan kallo ko ɗaya, shi kaɗai ya ga tabon, da ya share da ƙafa babu mai sani sai Allah. Na ce Baba a sake bugawa mana, ya ce a'a. A tanis kowa shi ke yanke hukuncin ɓangarensa, in ma kana kokwanto to abokin wasanka za ka ba. Na daɗe a tsaye na kasa magana.

Na tuna balo da muke bugawa da marece a Bagalam, duwatsu biyu ne gola, sau nawa muka tashi baran-baran a kan ta wuce bisa dutse ko ta ciki, har da rantsuwa, har mai ƙwallo ya ɗauke abinsa. Mu da aka koya ma amana tun muna makarantar allo! Wannan ya yi mini ciwo sosai.

Da lokacinmu ya cika kuma ya miƙa mini wata raga mai igiya, muka ja ta bisa filin duka ya koma sumul, muka share layuka saboda masu shigowa bayanmu waɗanda ba mu ma san su ba. Mu kam kayan jama'a na kowa ne wajen mora, gyara ba na kowa ba, a gina abu da kuɗi masu yawa shekara biyu awaki na kwana ciki.

Kada ku ce komi daɗi ne. Sai ka kama wuri ta waya tun da kwanaki, awa ɗaya cif, saura minti biyu ka ga wasu a bakin ƙofa suna duba agogo. Ƙwallo ƴan makonni ta saki iska sai sabuwa. Ana cikin wasa ba ka gaida kowa, na ɗaga murya na gaida wani ɗan Zinder da na hango, mutanen filin da ke kusa suka yi mini wani kallo da har yanzu ban manta ba. An gama kuma a yi musabaha kowa ya kama gabansa, ba fada ba shayi, ba mai tambayarka mutanen gida. Na dawo ɗaki na ɗora butar shayina ni kaɗai, na zuba na farko na biyu har na uku ba wanda zan miƙa ma kofi.

In Allah ya kai mu hutu zan zo da raket 4 da raga, a nemo mini fili mai tauri ko bayan makaranta ne, sai ɗan farin toka na zana layi.