Tsohuwar Bitil ko firam ɗin mai walda: amsa ga mai son fara tseren rairayi a Katsina

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure, matashi mazaunin wajen Ƙofar Ƙaura, ya yi tambaya a makon jiya, kuma na lura amsoshin da ya samu ba su wuce addu'a da ƙarfafa gwiwa ba. Abin da yake so shi ne ya haɗa wa kansa ƙaramar motar tsere ta rairayi, irin wadda Turawa ke kira bagi, domin shi da abokansa su riƙa gwada gudu a fili idan an kawar da amfanin gona. Hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya sayi wata tsohuwar Volkswagen Bitil da ta daɗe a yashe a garejin wani bakanike ya yi aiki a kan shasinta, ko kuwa ya sayi bututun ƙarfe, mai walda ya haɗa masa firam tun daga tushe, ya ɗora injin babur ko na Keke Napep. Hanya ta biyu na bi ta da kuɗina da jikina, ta farko kuma na taya wani abokina a Daura aikinta, saboda haka, ƙanena, ga abin da na gani.

Ita Bitil ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a kanta motar rairayin ta yi suna. A shekarar 1964 wani Ba'amurke mai suna Bruce Meyers a jihar Kalifoniya ya ƙera motar da ya kira Meyers Manx da kayan Bitil, daga baya ya riƙa rage tsawon shasin da kimanin santimita 36 yana ɗora masa bodi marar nauyi, kuma irin wannan motar ce ta lashe tseren farko na hamadar Baja a ƙasar Meziko a 1967. Har yau akwai rukuni a wannan tseren da Bitil kaɗai ke shiga, kusan yadda ta fito daga kamfani. A nan gida kuwa kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa ta a Legas a 1975, tare da 'yar'uwarta Igala daga baya, shi ya sa har yanzu ba a rasa gawarta a bayan gareji, da dattijon bakanike wanda ya san ta kamar yunwar cikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Dalilin da ya sa ta dace da rairayi a gininta yake. Injinta a baya yake, a kan ƙafafun da ke tura motar, saboda haka mafi yawan nauyin yana danne tayoyin baya su kama ƙasa, gaban kuma ya yi sakayau ya riƙa hawa kan yashi maimakon ya nutse. Iska ce ke sanyaya injin, babu lagireto da reshen aduwa zai huda, babu tiyon ruwa da zai fashe a tsakiyar daji. Cikinta a shafe yake kamar faranti, babu abin da ke reto a ƙasa. Injin 1600 yana ba da ƙarfin doki wajen 50, wanda ba abin alfahari ba ne a kan titin Kano, amma idan aka sauke kujeru da gilasai da duk wani ƙarfe marar amfani, ya ishi sabon hannu ya tsorata kansa. Abin da ya fi duk waɗannan daraja a wurina shi ne sitiyari, birki, giyabos da sandunan ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a madadin sifirin, duk injiniyoyi sun gama lissafinsu shekaru aru-aru, kuma miliyoyin motoci sun gwada su kafin a daina ƙera ta a 2003. Kai naka gyara ne da sabunta abin da ya ci, ba ƙirƙira ba.

To, firam ɗin mai walda fa? Abin da ke jan matasa gare shi a fili yake. Ba a buƙatar kuɗi a dunƙule, yau ka sayi ƙarfe biyu, wata mai zuwa ka sayi tayoyi, injin kuma kowane bakaniken babur daga Sabuwar Unguwa har Mai'aduwa zai kwance shi ya ɗaura ido a rufe. Kayan gyaransa na nan a kowane shago, abin da Bitil ba za ta iya tinƙaho da shi ba, domin nata kayan sai an bi 'yan gwangwan, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Legas, wani lokacin a jira makonni. Motar kuma ba ta da nauyi, idan ta kafe mutum biyu za su ɗaga ta. Sai dai injin babur irin Boxer ƙarfinsa bai kai doki 10 ba, ba shi da ribas, ba shi da na'urar da ke raba juyi tsakanin ƙafafun baya a lokacin kwana, sarka kuwa yashi yana cinye ta tare da haƙoranta cikin ɗan lokaci. Idan dole sai wannan hanyar, injin Keke Napep mai girman kimanin cc 200 ya fi, domin yana zuwa da ribas ɗinsa da abin raba juyin a haɗe. Amma kada ka yaudari kanka, abin da zai fito motar koyon hannu ce, ba motar da za ta haura tudun yashi da mutum biyu ba.

Inda hanyar nan ta fi cin mutane ba injin ba ne, gaban motar ne. Mai waldar da ya ƙware a ƙofa da taga da gadon ƙarfe yana ganin ƙafar gaba abu ne da za a kafa a miƙe a ɗaure da sitiyari, alhali akwai lissafi uku aƙalla da ido ba ya gani. A kwana, tayar da ke ciki dole ta karkata fiye da ta waje, domin da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Sandar da ƙafar ke juyawa a kanta dole ta ɗan kwanta baya, kamar ta gaban babur, don sitiyari ya riƙa komawa tsakiya da kansa. Sannan sandar da ke tura ƙafar dole ta yi tafiya ɗaya da hannun da ke riƙe da ita, in ba haka ba duk ramin da aka faɗa sai motar ta karkata ba tare da direba ya taɓa komai ba. Wannan na ukun ne ya kayar da ni. A wani fili da ke kan hanyar Mani, bayan an yanke gero, ina tafe ba da wani gudun kirki ba, ƙafar hagu ta hau tsohuwar kunya, sitiyari ya fizge daga hannuna, sai ga ni kwance a gefe yashi cike da baki. Da na fito na duba ƙarfen da ke saman kaina, na tarar ya lanƙwashe kamar karan dawa, ya tsage daidai kan layin ɗinkinsa, tazarar da ta rage tsakaninsa da inda kaina yake ba ta kai tafin hannu ba. Bututun famfo ne mai waldar ya sa, ya kuma rantse mini cewa ko tirela ba za ta lanƙwasa shi ba. Ni ma da laifina, domin araharsa ce ta rufe mini ido, kuma araha ba ta ado.

Wannan ya kawo ni ga abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai, wato kejin ƙarfen da ke kewaye direba. Wanda ya sauke bodin Bitil ya sauke rufin da zai kare shi, saboda haka shi ma sai ya gina keji, kuma ba a kan farantin ƙasan kawai za a manna shi ba, sai an sa masa faranti mai kauri a kowace ƙafa an ɗaure shi da wuraren da suke da ƙarfi a shasin. Dokokin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, sun nemi bututun ƙarfe marar ɗinki, babbar sandar da ke bayan kan direba ta kasance mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2, sauran sassan kuma 38 da 2.5 ko 40 da 2. Ko da babu mai zuwa ya auna taka, wannan ma'aunin da jinin mutane aka rubuta shi. A lanƙwasa bututun da injin lanƙwasa a sanyi, kada a gasa shi da wuta ko a yanka a haɗa, a gitta wata sanda daga kusurwa zuwa kusurwa, a kuma bar aƙalla santimita 5 tsakanin hular kwano da ƙarfen sama. Walda ta lantarki za a yi, ba ta kabaid ba, kuma ta zagaye kowace mahaɗa gaba ɗaya har gefen da ido ba ya kaiwa. Bututun famfo, ban da rashin ƙarfi, hayaƙin farin rufin da ke jikinsa yana sa wa mai walda zazzaɓi. Idan ba ka samu mai injin lanƙwasa a gari ba, ka nemi shawarar malaman sashen injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Bel kuwa mai riƙe kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin cinya ake sawa, ba na motar gida ba, tankin mai a raba shi da mazaunin direba da farantin ƙarfe, a ɗaure abin kashe gobara inda hannu zai kai.

Kada ka ɗauka Bitil ba ta da nata aibin. Zafin Katsina a watan Afrilu yakan haura digiri 40, injin da iska ke sanyayawa kuwa rayuwarsa tana rataye ne a kan fanbel guda ɗaya da gwangwanayen da ke kewaye da shi. Bakanikai da dama sukan cire waɗannan gwangwanaye su yar, wai don injin ya sha iska, alhali su ne ke tilasta wa iskar fanka ta bi ta kan silinda, kuma silinda ta uku ita ce ta fi saurin ƙonewa a tsofaffin injuna. Ba ta da filtar baƙin mai ta gaske, 'yar rariya ce kawai, man kuma lita biyu da rabi ne kacal, saboda haka a ƙurar hunturu sai ka riƙa juye shi bayan kowace fita mai tsawo, kana wanke tukunyar tace iska, kana saita bawul a kan milimita 0.15 injin na sanyi. Akwai kuma wata ɗabi'a ta tsohuwar ƙafar bayanta, idan motar ta yi tsalle ko aka ɗaga ta da yawa don neman tsayi, tayoyin sukan lanƙwaso ciki, nan take ta nemi kifewa a kwana. Maganinsa a ɗaga ta kaɗan kawai, a sa ɗamarar da za ta hana ƙafar sauka fiye da kima. Kafin ka biya ko kwabo, ka shiga ƙarƙashinta da guduma ka bubbuga doron da ya ratsa tsakiyar shasin da inda ƙafafun gaba suke ɗaure. Tsatsar faranti ana yankewa a sake, amma idan doron ya ruɓe ko ya taɓa karyewa aka yi masa faci, ka bar wa mai ita kayarsa. Ka kuma guji samfurin 1302 da 1303, domin gabansu mai dogon shokazoba ba ya jure duka kamar na asali mai sanduna biyu a gicciye.

Hukuncina ke nan: idan shasin nan yana da lafiya, ɗauki Bitil. Kuma a shekarar farko kada ka rage tsawonta, kada ma ka sauke bodin gaba ɗaya. Yi yadda abokina na Daura ya yi, ya yanke fikafikan tayoyi da hanci da murfin baya, ya gina keji a ciki, ya sa tayoyi masu faɗi a baya, cikin wata huɗu yana tuƙi, ni kuwa na shekara ina yanke walda ina sakewa. Firam daga tushe aikin mota ta biyu ne, bayan hannunka ya san yadda mota mai lafiya take amsa sitiyari, kuma ko a lokacin ma ƙafafun Bitil da giyabos ɗin Kombi za ka so ka ɗora masa.

Saura maganar tseren kansa. Mu jikokin masu sukuwa ne da 'yan folo tun zamanin Sarki Dikko, mun san ba a sakin doki sai an share fage an kori yara. Motar nan ba ta da lamba, don haka a janye ta zuwa fili, kada a bi titi da ita a shiga hannun jami'an kiyaye haɗurra. A nemi izinin mai gona da mai unguwa, a sanar da 'yan sanda na yankin, a kuma karkata ga ɓangaren Daura da Sandamu da Mashi inda yashi yake da laushi, a nisanci yamma wajen dajin Rugu saboda halin da ake ciki. Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe. Ku taka filin da ƙafa tukuna, ku tone kututturan dawa, ku gano rijiyoyin lambu da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, ku kafa tutoci, ku rage iskar taya don ta shimfiɗu a kan yashi. Sa'an nan ku fara da mota ɗaya a fage, ana duba agogo, kowa ya zaga sau uku a rubuta lokacinsa, da wata mota a tsaye kusa wadda direbanta ya san hanyar asibiti mafi kusa.