Martini-Henry Mark IV: bindigar ta yi, amma harsashinta ne babban aiki

Duk wanda ya ce mini zai sayi Martini-Henry Mark IV, abin da nake fara tambayarsa shi ne, ratayewa zai yi a bango ko harbawa? In ratayewa ce, ya saya kawai, ba zai yi da-na-sani ba. In kuwa harbi yake so, to ya kwana da sanin cewa samun bindigar shi ne mai sauƙin. Harsashinta, .577/450, ba irin wanda ake shiga kanti a ɗauko kwali ba ne. Kusan duk mai harba ta a yau da hannunsa yake ɗura nasa. Ni ina harba tawa, kuma na gamsu da ita, sai dai ba kowa zan ce ya bi ni ba.

Wajen wani dillalin tsofaffin makamai na same ta, cikin kayan da aka kwaso daga Nepal. A 2003 ne aka sayi makaman da suka shekara aru-aru jibge a tsohuwar fadar Lagan Silekhana da ke Katmandu, bindigogi fiye da 50,000, aka fito da su kasuwar masu tara kayan tarihi. Dillalin bai ɓoye mini komai ba, ya ce ba a wanke ta ba, yadda aka tsince ta haka za ta zo. Haka kuwa ta zo, lulluɓe da busasshen maiƙo baƙi ƙirin, ko rubutun jikinta ba a gani. Da tsumma da mai na bi ta a hankali har kambin sarauta ya bayyana a gefen dama, ƙarƙashinsa V.R., wato tambarin Sarauniya Victoria, sai ENFIELD, masana'antar makaman Ingila da ta ƙera ta, sai 1887. Roƙona ga duk wanda ya samu irinta, kada ya kusance ta da sanfefa ko injin goge ƙarfe. Na ga waɗanda aka goge har suna ƙyalli, tambarin masu duba makamai duk ya shafe, kuma abin ya ba ni takaici ƙwarai. Duhun nan na ƙarfe da tabon katako su ne shaidar inda bindigar ta bi, in aka kankare ba sa dawowa.

Sunanta na mutum biyu ne. Friedrich von Martini ɗan Suwizalan shi ya gyara tsarin rufe gindin bututu da Ba'amurke Henry Peabody ya ƙirƙira, ya cire kunnen da ake ja da yatsa daga waje, ya sa allura mai sifirin a ciki. Alexander Henry, maƙerin bindiga na Edinbara, shi ke da tsagogi bakwai masu murɗewa da ke cikin bututun. Sojan Ingila ya karɓi samfurin Martini-Henry na farko a 1871. Masu saye da yawa yaƙin Zulu na 1879 ne ke jawo su, wato fafatawar Isandlwana da Rorke's Drift, to su sani Mark IV ba ta je can ba, lokacin ba a ma ƙera ta ba. Wanda tarihin wannan yaƙin yake nema, Mark I ko Mark II zai nema. Labarin Mark IV daban ne. Da yawa daga cikinsu an fara yin su ne don ƙaramin harsashi na .402, sai soja ya karɓi sabuwar bindiga Lee-Metford mai harsashin .303 a 1888, aka ga babu amfanin ƙara wani harsashi na uku, aka faɗaɗa bututunsu suka koma .577/450. Akasarinsu Indiya aka tura, daga can wasu suka gangara Nepal.

Abin da ya sa nake fifita ta a kan yayyenta wajen harbi shi ne doguwar libarta, wato mariƙin ƙarfen da ke ƙasa wanda ake buɗe ta da shi. A yaƙin Sudan sojoji sun sha wahala da kwanson da ke maƙalewa idan bindiga ta yi zafi, musamman tsohon kwanson nan na naɗaɗɗen fallen tagulla, shi ya sa aka ƙara wa libar tsawo don a samu ƙarfin fizgo shi. Kuma hannu yana jin bambancin. Ka danna liba ƙasa, ƙarfen da ke rufe gindin bututu ya sunkuya, kwanso ya yi tsalle ya fito. Ka ɗora sabon harsashi a kwarin da ke saman ƙarfen, ka tura da babban yatsa, ka mayar da liba, shi ke nan ta ɗanu. Wata 'yar alama a gefen dama ita ke nuna maka a ɗane take. Ba ta da makullin tsaro ko ɗaya, don haka ba a saka mata harsashi sai bakinta yana kallon allon harbi. A duk tsofaffin bindigogi masu cin harsashi ɗaya da na taɓa riƙewa, babu wadda motsinta ya kwanta mini a hannu kamar wannan.

Tana dukan kafaɗa in an harba, wannan ba a ɓoye shi. Harsashin soja na asali dalma ce mai nauyin kusan giram 31, a bayanta albarushi kusan giram 5.5, tana fita da gudun mita 410 a daƙiƙa ko kusa da haka, daga bindigar da nauyinta bai fi kilo huɗu da 'yan kai ba. Dukan baƙin albarushi turi ne mai nauyi, ba fizga ba, amma ƙotar gajera ce, kuma wanda ya naɗe babban yatsansa a wuyan ƙota zai ji shi a hanci. A ajiye yatsan a gefe. Bututun, mai tsawon inci 33, yana ɗaukar zafi da wuri, har sojojin wancan zamani kan ɗinka masa fata don su iya riƙewa. Saitinta na yaƙi ne, ba na gasa ba, kuma tawa sama take kaiwa a yadi 100, sai na sauke saiti zuwa ƙasan allo. Da na gane mata, tana tara harbinta wuri guda yadda ba zan ji kunyar nuna wa kowa ba. Ga kuma farin hayaƙin da ke tare maka gaba da warin farar wuta, wanda ni dai yana cikin abin da ke mayar da ni filin harbi.

Sai batun ɗura harsashi, inda mutane da yawa ke sarewa. Kwanson da aka yi musamman don .577/450 yana wuyar samu. Abin da yawancinmu ke yi shi ne sayen kwanson tagulla na bindigar tsuntsaye mai lamba 24, irin na kamfanin Magtech, a gasa bakinsa ya yi laushi, a matse shi kaɗan-kaɗan har ya yi wuya irin na kwalba. Wanda ya yi gaggawa zai ga kwanso ya lanƙwashe a kafaɗa, ya tashi a banza. Dayis, wato ƙarfen matse kwanso, na kamfanin Lee na wannan harsashi yana aikinsa, amma a lura, kaurin zarensa inci ɗaya da kwata ne, ya fi na sauran dayis da aka saba, don haka sai injin matsi wanda ake iya kwance zoben bakinsa. Mai ƙaramin inji ya duba wannan kafin ya yi oda.

Girman dalma shi ne abin da ya fi ruɗa sababbin shiga. Suna ganin 450 a suna sai su ɗauka dalmar .458 ta wani harsashi mai suna .45-70 za ta yi. Ba ta yi. Bututun Mark IV ya fi haka faɗi, dalmar da ta yi ƙanƙanta kuwa a kwance take isa allo, ta bar rami dogo maimakon zagayayye. Tawa sai da ta samu wajen .470 ta natsu. Kowace bindiga a auna cikinta tukuna, sannan a sayi mazubin dalma. Akwai kuma hanyar asali, wato a naɗe dalmar da siririyar takarda zagaye biyu, yadda aka yi wa sojoji, da kakin zuma tsakanin 'yan faya-fayan kwali a bayanta don ya tausasa dattin albarushi. Yanka takardar, jiƙa ta, naɗawa, jiran ta bushe ta kama jikin dalma tsam, aiki ne mai cin lokaci, kuma shi na fi so a duk harkar. Idan ka harba ka ga guntayen takarda suna saukowa a gaban bakin bindiga, ka san naɗinka ya yi.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Na farko, baƙin albarushi kawai nake zuba mata, ba na kusantar da na zamani marar hayaƙi ga ƙarfen da ya haura shekara 130. Na biyu, ba a barin sarari tsakanin albarushi da dalma. Kwanson nan cikinsa babba ne, musamman wanda aka yi daga lamba 24, shi ya sa ake cike ragowar da sharɓaɓɓen ulu. Adadin da za a zuba kuwa daga littafin ɗura harsashi da aka wallafa ake ɗaukarsa, kuma kafin harbin farko maƙerin bindiga wanda ya san tsofaffin makamai ya duba ta, har ƙarƙashin katakon gaba, domin nan tsatsa ke ɓuya ta ci bututu ba a sani ba.

Wanki ba ya jiran gobe. Dattin baƙin albarushi yana jan laima, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara. Ruwan zafi da ɗan sabulu, a busar, a shafa mai. Kwansunan ma tun a filin harbi nake jefa su cikin gorar ruwan sabulu.

Wajen saye a buɗe ido. Akwai jabun da ake ƙerawa a yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, wasu za ka ga harafin N na ENFIELD a juye, wasu da tambarin V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar Sarauniya Victoria ta rasu. Haka Gahendra, bindiga mai kama da Martini da aka ƙera a Nepal, kyakkyawar abar ajiya ce, amma ni ba zan harba ta ba. Doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar tarayya tana ɗaukar bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi. A Ingila ana iya ajiye irin wannan don ado ba da lasisi ba, amma ranar da za a harba ta sai da lasisin bindiga, albarushin ma da takardarsa daban. Kowa ya binciki ta inda yake kafin ya biya kuɗi.

Wanda bai taɓa ɗura harsashin baƙin albarushi ba, shawarata ya fara da .45-70, wadda kwansonta miƙaƙƙe ne kuma kayanta a wadace suke, ya zo ga Martini daga baya. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa, ya nemi Mark IV ta Enfield, ya sa dillali ya turo masa hoton cikin bututu da haske, da na tambarin gefen dama, da na ƙarfen da ke ƙarƙashin katako. In dillalin ya ƙi cire katakon, a nemi wani.