Tukunyar Firesha Mai Lita 7: Abin da Take Iyawa da Inda Take Gazawa

Duk wadda take girki da gas a Legas ta san wake, ganda da ƙafar sa ne ke shanye silinda. Shinkafa da miya ba su kai rabinsu cin wuta ba. Saboda waɗannan ukun ake sayen tukunya mai matsin tururi, wadda 'yan kasuwa ke kira firesha, kuma a kansu ya kamata a auna ta. Wadda nake magana a kanta ta alminiyon ce, mai lita 7, faɗin bakinta santimita 24, irin mai dogon mariƙi da murfin da ake murzawa ya kulle. Wata tara ke nan tana aiki kusan kullum. Ta cancanci kuɗinta, amma da sharuɗɗa, kuma mai shago ba zai tsaya ya lissafa miki su ba.

A tukunyar da muka saba da ita, a gari irin Legas da ke bakin teku, ruwa yana tafasa a digiri 100 ne kuma ba ya wuce nan, ko da kin ƙure wuta. Ƙarin wutar tururi kawai take zama ya tashi a banza. Firesha kuwa tana tsare tururin a ciki, matsi ya ƙaru, ruwan ya kasa tafasa sai ya haura hakan. A murfin wannan an buga 80 kPa, ma'aunin matsin ke nan, wato zafin ciki yana kaiwa wajen digiri 117. Waɗannan digiri 17 ɗin ne ke narkar da jijiya da kaurin fata cikin ɗan lokaci. Dabarar ma ta kwana biyu: a 1679 wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera irinta ta farko a Landan, don tausasa ƙashi.

Kafin ki ɗora ta, ki san abubuwa biyar da ke jikin murfin. Akwai zoben roba da ke zagaye a ciki, shi ke hana tururi fita ta gefe. Akwai siririn bututu a tsakiya, da ƙarfe mai nauyi kamar 'yar hula da ake kifawa a kansa, shi ke yin tsaki yana juyawa idan matsi ya kai. Kusa da mariƙi akwai 'yar ƙusa da ke tasowa ta kulle murfin muddin da matsi a ciki. Na biyar shi ne bawul na kariya, wanda ba ya motsi sai in bututun ya toshe. Duk lokacin da za ki yi girki, ki ɗaga murfin ki leƙa bututun ta wajen haske. In ba ki ga haske ta cikinsa ba, ki sa tsinke ki zure shi. Kusan duk labarin da ake bayarwa na firesha ta watsa abinci har silin, daga wannan ramin yake farawa.

Wake shi ne inda ta fi burge ni, kuma shi ne inda aka fi yin kuskure. Derika ɗaya ta wake, wato gwangwanin awon da ake amfani da shi a Mile 12 da sauran kasuwannin Legas, tana son ruwa derika biyu da rabi. Ki tsince, ki wanke, ki kwashe duk ɓawon da ya taso sama. Ki zuba albasa da cokali ɗaya na man gyaɗa, saboda mai yana kwantar da kumfa, ita kuwa kumfa ita ke ɗaukar ɓawo ta kai shi bakin bututu. Ki rufe, ki buɗe wuta sosai. Cikin minti 8 zuwa 10 ƙusar za ta taso, hular ta fara tsaki. Daga nan ake fara ƙirga lokaci, kuma daga nan ake rage wuta ƙasa-ƙasa, yadda tsakin zai riƙa fita a hankali. Mutane da yawa suna barin wutar a buɗe suna zaton hakan ya fi sauri. Ba ya ƙara komai, domin hular tana zubar da duk matsin da ya wuce ƙima. Abin da zai biyo baya shi ne ruwa ya ƙone, wake ya kama a ƙasa, gas ɗin da aka sayi tukunyar dominsa ya tafi.

Jan wake mai zaƙi, wanda Yarbawa ke kira oloyin, yana nuna a minti 15 zuwa 18 in kina son ƙwayarsa a tsaye don wake da shinkafa ko garau-garau. In kina son ya yi luguf irin na ewa agoyin, dafaffen waken nan da ake sayarwa a Legas, ki ba shi minti 25 zuwa 30, ki ƙara rabin derika na ruwa tun farko. Farin wake na Arewa ya fi saurin nuna in sabo ne, amma wanda ya daɗe a ajiye yana iya neman ƙarin minti biyar. Gishiri babu laifi, amma tumatir, tattasai da manja sai bayan an buɗe, domin tsamin tumatir yana hana wake laushi. Ki kwatanta da tukunyar gargajiya, inda wannan waken zai ci awa ɗaya da kwata ko fiye, ana ta ƙara ruwa. A nan wuta mai ƙarfi ta minti goma ce, sai ƙaramar wuta ta ƙasa da minti ashirin in ƙwaya a tsaye ake so, sauran aikin kuma tukunyar tana yinsa ne a kashe.

Kada ki sa kanwa. Ba ki buƙatarta, tunda zafin ya riga ya yi aikinta, kuma tana da illa biyu a nan: tana tayar da kumfa, sannan tana cin alminiyon. Cikin tukunyar zai yi baƙi-baƙi, a hankali ya fara ƙananan ramuka kamar zanzana. Haka nan kada miyar tumatir ta kwana a ciki. Da an gama a juye, a wanke, a goge ta bushe, domin damshin Legas yana sa alminiyon ya yi farin tabo in an ajiye shi da ruwa-ruwa.

Ga masu sayen kayan ciki da ƙafa a mayankar Oko-Oba da ke Agege, nan ne za ku ga amfaninta ƙarara. Ƙafar sa da aka sassare, wadda kan ɗauki awa uku, tana yin minti 40 zuwa 45 ta fito naman yana saki daga ƙashi, romon ya yi kauri har yana danƙo a yatsa. Wutsiyar sa minti 35. Tumbi minti 20 zuwa 25. Kan rago ko na akuya wajen minti 30. Kazar gida ko tsohuwar mai ƙwai minti 15 zuwa 18, amma ta gidan gona kada ma ki kai ta, dagargajewa za ta yi. Ganda da aka saya a jiƙe minti 12 ya ishe ta, busasshiya kuma sai ta kwana a ruwa tukuna. A duk waɗannan ruwa kaɗan ake so, kofi biyu zuwa uku, kada ya rufe naman, tunda ba ya ƙonewa kamar a buɗaɗɗiyar tukunya. Wadda ta zuba ruwa irin yadda ta saba za ta sami farfesu salam, sai ta koma tana tafasa shi a buɗe don ya kama jikinsa. Kayan ƙamshi irin su citta, masoro da kimba suna shiga nama sosai a ciki, amma ɗanɗanon ganye yana mutuwa, don haka ɗoɗɗoya sai a ƙarshe.

In lokaci ya cika, ki kashe wuta ki bar ta. Minti 10 zuwa 15 ƙusar za ta faɗa da kanta, sannan murfin ya buɗu ba tare da kokawa ba. In sauri kike, ki kai ta wurin wanke-wanke ki tsiyaya ruwan sanyi a gefen murfin, ba a kan bututu ba, har ƙusar ta sauka. Kada ki cire hular da tsiya, musamman a kan wake. Murfin da ya ƙi murɗuwa yana gaya miki akwai sauran matsi ne, a bar shi.

Sai inda take gazawa. Lita 7 da aka rubuta ba lita 7 za ki dafa ba. Nama ba ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar, wake kuwa da ruwansa ba sa wuce rabi, ke nan derika ɗaya ce iyakarta. Gida mai mutum huɗu zuwa biyar ta wadatar, amma babban gida ko mai sayar da abinci a Idi-Araba ko Obalende sai ta nemi mai lita 11 ko sama. Kunu, koko, tuwo, taliya, kuɓewa da waken da aka surfa don alala duk ba nata ba ne, kauri da yauƙinsu suna toshe bututu. Ba a suya a cikinta a rufe. Shinkafa tana nuna a minti biyar, amma kuskuren minti biyu ya isa ya mayar da ita tuwo, kuma ba dama ki buɗe ki duba, don haka ban ga ribar hakan ba.

Mariƙin shi ne raunin wannan samfurin. Ƙusoshinsa suna kwancewa bayan 'yan watanni, sai an riƙa ɗaure su da sukundireba, kuma in harshen wuta ya fi gindin tukunyar faɗi yana lasar robar mariƙin ta tsage. 'Yan'uwa maza da ke girki a ɗakin haya da ƙaramar silinda mai kilo 3 ko 6, irin wadda ake ɗora tukunya a kanta kai tsaye, ku kula sosai. Dogon mariƙin yana rinjayar tukunyar gefe guda, kuma wurin zamanta ƙarami ne. A ajiye silindar a ƙasa, a wurin da ba shi da gangara, a juya mariƙin wajen bango, nesa da hanyar yara. A kan gawayi kuma ban ba da shawara ba, domin ba a iya rage wutarsa nan take.

Akwai mai aiki da lantarki, wadda ke kashe kanta, kuma ta fi sauƙin sha'ani. Sai dai tana jan kusan wat 1,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiyar girki sai ki jira matsi ya sauka kafin ki juye a wata tukunyar. Ta kan gas ba ruwanta da wannan.

Zoben roba shi ne ran tukunyar, kuma shi ne ke fara mutuwa. Alamarsa ita ce tururi yana fita ta gefen murfi, ruwa yana ɗiga a mariƙi, ƙusar ta ƙi tasowa ko bayan minti 15. Wani lokacin ƙwayar wake ce ta maƙale a ƙarƙashinsa, sai a cire a wanke a shafa masa ɗan mai. In ya yi tauri, ya tsage ko ya saki, sai sabo. Yana daɗewa in ana cire shi a wanke shi daban, kuma a ajiye murfin a kife a kan tukunyar maimakon a kulle shi. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ki sayi zobe biyu tun ranar da kika sayi tukunyar, ki sa mai shago ya gwada miki su a murfin a gabanki. Da santimita ake auna su, 22, 24, 26, kuma ko lamba ɗaya ce, kaurin na wani kamfani ba lallai ya zauna a murfin wani ba. A Idumota ko Ebute Ero, in mai shago ya ce ba shi da zobe da hular irin tukunyar da yake nuna miki, ki ajiye masa ita ki matsa shago na gaba.