Dokin Dendermonde da na Ath: wanne za ka je gani?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaton dokin nan da ake zagaya gari da shi a Beljiyam iri ɗaya ne a Dendermonde da Ath, da kuma wanda ya fi cancantar tafiya. Labarinsu ɗaya: dokin 'ya'yan Aymon huɗu, wanda tatsuniya ta ce Sarki Charlemagne ya sa an ɗaura masa duwatsun niƙa aka nutsar da shi a kogi. Dukansu sassaƙa ne, mutane ke shiga ƙarƙashi su ɗauka. Daga nan sai su rabu.

Na Dendermonde, a yankin Flanders, sunansa Ros Beiaard, kuma sau ɗaya yake fita a shekara 10. Fitar 2020 annobar korona ta ɗage ta zuwa Mayun 2022. Tsayinsa ya kusa mita 5, nauyinsa kimanin kilo 800 kafin kowa ya hau. Mutum 12 ke ɗaukarsa, kowane ƙato na fama da sama da kilo 65 ke nan tun ba mahaya, shi ya sa ake tanadar rukuni 3 suna karɓar juna. Suna cikin rufin ƙyalle, ba sa ganin gabansu sosai, sai umarnin jagora. Wuri mafi wuya shi ne sa dokin ya yi tsaye da ƙafafun baya: na gaba su ɗaga, na baya su danne, in ɗaya ya makara nauyin ya karkata gefe guda alhali yara huɗu masu wakiltar 'ya'yan Aymon na sama.

Zaɓen yaran ma aiki ne. Dole su kasance maza huɗu uwa ɗaya uba ɗaya, a jere babu mace a tsakani, haifaffun garin, masu shekara 7 zuwa 21. A ƙasar da haihuwa ta yi ƙaranci, samun irin wannan gida sai an tona.

Na Ath kuwa yana yankin Wallonia mai magana da Faransanci, ana kiransa Bayard. Duk shekara yake fita, ranar Lahadi ta huɗu ta Agusta. Ya fi sauƙi, kilo 600 da ɗoriya a kafaɗun mutum 16, don haka ya fi sakewa wajen rawa. An dawo da shi ne a 1948 bayan ya daɗe da ɓacewa, kuma ɗaya ne cikin manyan mutum-mutumin da ake zagaya gari da su a bikin ranar, ba shi kaɗai ake jira ba.

A ganina na Dendermonde ya fi taɓa zuciya, har manya kan zub da hawaye idan ya shigo dandalin garin ana harba bindigogi. Amma fitarsa ta gaba sai 2030. Kada ka ruɗe da bikin Katuit da garin ke yi kowane ƙarshen Agusta, manyan mutum-mutumi uku ne ke fita, ban da dokin. In bana kake son tafiya, Ath za ka nufa.