Kwanan kurmi: sharhi kan wani masaukin daji a Boki

Duk wanda ya ce maka daga Zariya zuwa ƙaramar hukumar Boki a Jihar Kuros Riba tafiyar yini ɗaya ce, to bai taɓa zuwa ba. Mun bi ta Kaduna, Keffi, Akwanga da Lafiya, muka kwana a Makurɗi, washegari muka ratsa Gboko zuwa Obudu, sannan muka gangara hanyar Ikom. Inda kwalta ta ƙare nan mota ta yi iya yinta. Sauran tafiyar a kan acaba muka yi ta, jaka a ka, taɓo har gwiwar wando, domin a farkon Nuwamba damina ba ta gama sallama da mutanen can ba, alhali mu nan har an fara jin ƙanshin hunturu.

Ƙanina ne ya ja ni, wanda yake karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya daɗe yana yi mini zancen masaukan da ake ginawa a cikin kurmi ba tare da an ɓata dajin ba, waɗanda kuɗin baƙi ke komawa ga mutanen ƙauye. Ni kuwa da zargi na tafi, don na san yadda ake shafa wa kasuwanci man kyautatawa a ƙara masa kuɗi. Ba zan ambaci sunan wurin ba. Akwai ƙorafin da zan yi, kuma masu shi ƙananan mutane ne da ke neman na kansu.

Ɗakunan na katako ne, an ɗora su a kan ginshiƙai sama da ƙasa, rufin ganyen tukurwa, rabin bangon kuma raga ce zalla don iska ta ratsa. Gado, gidan sauro, tebur, ƙwan fitila ɗaya da wurin cajin waya. Shi ke nan. Ba na'urar sanyaya ɗaki, ba talabijin. Abin da ya fara burge ni shi ne ba su share filin ba. Hanyoyin da ke tsakanin ɗakuna suna karkacewa ne su bai wa itatuwa wuri, har akwai barandar da aka fafe gefenta don wata bishiya ta wuce. Daren kuwa ba shiru ba ne yadda nake zato. Gyare da kwaɗi da wasu halittun da ban san sunansu ba suna farawa tun magariba, ba sa sararawa sai asuba.

Wuta ta sola ce, amma kada Bazazzagi ya auna ta da solar gidansa. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, wancan yankin kuwa yana ninka haka har ya ɗara, ga gajimare, ga inuwar manyan itatuwa. Batir ba ya cika sosai. Kafin sha ɗaya na dare fitila ta fara lumshe ido. Danshi ma wani abu ne da ya kamata a gaya wa mutum tun kafin ya haɗa kaya. Shaddar da na tafi da ita da sitacinta ta yi laushi tun daren farko, rigar da na wanke ba ta bushe ba har muka taho, kilishin da uwargida ta ƙulle mana kuwa fumfuna ta fara kama shi, ragowar kwarkwasa ta gano inda yake. A tafi da kaya marasa nauyi masu saurin bushewa, a bar babbar riga a gida.

Yanzu ga maganar da ba na jin wani mai sharhi daga Turai zai taɓa yi, amma mu ita ce kan gaba: banɗaki. Nasu irin wanda ba a kora ruwa ne. Kujera ce a kan rami mai rufi, gefe ga bokitin garin katako da ɗan kofi. In ka gama sai ka barbaɗa garin ka rufe. Garin yana tsotse laima, yana kashe wari, bayan watanni abin ya ruɓe ya zama taki. Dabarar tana da kyau ƙwarai, domin ba a tura ƙazanta cikin rafin da ƙauyen ƙasa ke sha, kuma gaskiya ban ji wari ko kaɗan ba. Matsalar ita ce tsarin ya dogara ne da bushewa. Ruwa ya yi yawa a ramin, ruɓewar ta tsaya, wari ya tashi. An ma manna takarda a ƙofa cewa kada a zuba ruwa. Ni kuma ga ni tsaye da buta a hannu.

Na sami mai kula da wurin na yi masa bayanin tsarki. Da farko ya ɗauka raki nake yi, ya miƙo mini takardar goge-goge. Da ƙanina ya fahimtar da shi cewa wannan sharaɗin salla ne ba son jiki ba, sai ya yi ɗan tunani ya kai mu ɗakin wanka, inda ruwa ke bi ta bututu ya faɗa wani rami mai tsakuwa da gawayi, daga nan ya tsiyaya zuwa gindin ayaba. Ya ce a nan za a iya amfani da buta. Washegari sai ga shi ya sa an kafa ɗan katako na tsugunawa, an ajiye bokiti da murfi. Na yaba masa da saurin ɗaukar gyara. Amma abin ya tsaya mini a rai: masauki a Najeriya, ƙasar da Musulmi suka kai wannan yawa, an zauna an tsara shi ba wanda ya tuna da buta. Wannan ya nuna wa aka yi wa ginin tun asali.

Abinci na gida ne, daga gonakin ƙauyen: doya, gwaza, ayabar suya, miyar agushi da ta ogbono, manja ja wur. Ba su dafa naman daji, kuma sun rubuta haka ɓaro-ɓaro a ɗakin cin abinci. Batun yanka kuwa mu muka ɗauke wa kanmu. Mun sayi kaji masu rai a ƙauyen, na yanka da hannuna, mai girkin ta ware mana tukunya ba tare da ta ɓata rai ba. Ruwan sha daga tankin ruwan sama yake, ana tace shi a zuba wa kowa a gorar ƙarfe. Ban ga ledar fiya wata ko ɗaya a harabar ba, kuma wanda ya saba ratsa Sabon Gari bayan an ɗauke ruwa ya san abin da nake nufi.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da kuɗina ya saya na gaske shi ne mutumin da ya yi mana jagora cikin dajin. Dattijo ne siriri, da adda a hannu da takalmin roba, kuma bai ɓoye mana ba cewa rabin rayuwarsa farauta ya yi. Muna cikin tafiya sai ya tsaya, ya durƙusa gefen wata 'yar hanya da ni ban ma lura hanya ce ba, ya sa bakin adda ya ɗaga busasshen ganye. Ga waya siririya an yi mata zarge, an ɗaure ta a wani tsiro da aka tanƙwaro. Ya taɓa ta da sanda, tsiron ya miƙe fyat, wayar ta shaƙe sandar. Ya kwance ta, ya naɗe, ya jefa a jaka inda wasu ke ciki. Ya ce tarko ba ya zaɓe. Don gada ko beran daji ake ɗana shi, amma duk abin da ya taka shi ya kama, har 'ya'yan birai.

Na tambaye shi ko za mu ga gwaggon biri, wato gorila. Dariya ya yi, ya ce, Alhaji, ni da aka haifa a nan sau nawa na gan shi? Gaskiya ya faɗa. Gwaggon birin Kuros Riba bai kai 300 ba a duniya baki ɗaya, yana warwatse a duwatsun iyakar Najeriya da Kamaru. A ɓangarenmu wurare uku ne: Dutsen Afi, wanda gwamnatin jiha ta mayar mafakar namun daji a 2000, da duwatsun Mbe da ƙauyuka tara ke kula da su da kansu, da sashen Okwangwo na gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991. Hotunan da suka zaga duniya a 2020, na wani garke da jarirai a Mbe, kyamarar da aka ɗaure a jikin bishiya ce ta ɗauke su, ba mutum ba. Na ji daɗi da masaukin bai yi mana alkawarin ƙarya ba. Abin da muka gani shi ne aku suna ratsa sama, da manyan cilakowa masu fukafukai masu ƙara, da birai can ƙololuwa da ba su tsaya an ƙare musu kallo ba.

Ya nuna mana bishiyar goro a bakin wata gonar koko. Shekara da shekaru ina ci, ina rabawa a ɗaurin aure da suna, ban taɓa ganin uwarsa ba. Ya tsinko wani kore mai gurgunje, ya fasa, sai ga ƙwayoyin a jere cikin farar riga, sai an ɓare ta jan ya bayyana. Can cikin daji kuma muka tarar da rimi. Mu mutanen Zariya ba baƙin rimi ba ne, ga Rimin Tsiwa, ga Rimin Doko, ga Rimin Danza, unguwanni ne da suka ci sunansa. Amma wannan saiwoyinsa sun taso daga ƙasa sun yi faɗi kamar katangar zaure, mutum ya shiga tsakaninsu a tsaye ba a hango shi. Ƙanina ya ce iri ɗaya ne da namu, ruwa ne kawai da rashin gatari.

A hanyar dawowa na yi wa dattijon tambayar da ta kawo ni: tsakanin farauta da wannan aiki, wanne ya fi kawo kuɗi? Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce in da baƙi, wannan ya fi, kuma ba ya kwana a daji ba ya gudun jami'ai. In damina ta yi nisa hanya ta yanke, baƙi suka ɗauke ƙafa, to ranar sai gona. Ya ce samarin ƙauye suna kallonsa, suna kuma kallon masu injin yanka katako da ke biya nan take. Mun ji kukan injin da kunnenmu, daga wani kwari can nesa, ana tsakiyar yi mana bayanin kare daji. Jihar ta taɓa sanya dokar hana sare itatuwa a 2008, zamanin Gwamna Liyel Imoke, amma doka a Kalaba daban, abin da ke faruwa a kwari daban. A ganina nan ne ma'aunin irin wannan masauki yake: ba rufin tukurwa ba, ba gorar ƙarfe ba, sai ko mutum irin wannan dattijo zai iya ciyar da gidansa da dabba mai rai.

Shi ya sa ƙorafina na farko ya fi yi mini ciwo. A ɗakin karɓar baƙi akwai allo da aka ce ana rubuta kason da ake bai wa asusun ƙauye daga kuɗin kowane baƙo. Rubutun ƙarshe ya daɗe har alli ya dushe. Da na tambaya sai aka ce mai rubutawa ya yi tafiya. Ban ce an ci kuɗin kowa ba, amma wanda ya kafa allo don a gani, ya kamata ya riƙa cika shi. Na biyu, da asuba na zagaya bayan kicin neman wurin alwala, na tarar da ramin da ake ƙona robobi da gwangwanaye, ga kuma ƙaramin janareta a lulluɓe da buhu, wanda ake tayar wa firji in rana ta ƙi. Janaretan ban ga laifinsa ba, kifi ba ya jiran gajimare ya wuce. Ɓoyewar ce ban so ba, tunda takardar tallarsu cewa ta yi da hasken rana kaɗai suke aiki.

Wurare biyu a kusa sun cancanci a ware musu lokaci, kuma ba na masaukin ba ne. Akwai Drill Ranch na ƙungiyar Pandrillus a gindin Dutsen Afi, inda ake renon birin da ake kira diril, mai baƙar fuska sumul, wanda ba a samunsa ko'ina sai Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Sai kuma Boje, inda tsattsewa da ke gudo sanyin Turai ke taruwa da yamma su kwana a cikin doguwar ciyawar gangaren dutse. Masana na ƙiyasta su da miliyoyi. Mun tsaya har wuya ya gaji da ɗagawa.

Da na dawo na ba da labari a majalisarmu ta Tudun Wada, wani dattijonmu ya ce, yanzu Malam, kuɗi ka biya aka kwantar da kai ba wuta ba famfo? Na ce ranka ya daɗe, har da na mota. Aka yi ta dariya. Kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, kwana ɗaya ya kai na otal mai kyau a Kaduna, ban da ladan ɗan jagora da na acaba. Wanda hutu yake nema, ya miƙe ƙafa a kawo masa shayi, kada ya soma. Wanda yake son ya ga kurmi na gaske kafin a mayar da shi katako da gonar koko, zan ce ya je, amma tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da hanya ta bushe.

Uwargida ta tambaya ko za a iya zuwa da yara. Na ce manyan dai, waɗanda za su iya tafiyar awanni a ƙasa mai santsi, ƙananan sai sun ƙara ƙwari. A sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, a riƙe tsabar kuɗi domin sabis ɗin waya sai an hau tudu, a kuma kira su tun daga gida a yi maganar wurin tsarki da tukunyar girki kafin a tura ko sisi.