Wane lensi zaka ɗaura wa dayod ɗin lezarka, G-2 ko mai gilashi uku?

Duk mai haɗa leza da hannunsa a kan dayod, wato ɗan ƙwan da ke fitar da hasken, yake ƙarar da kuɗinsa da tunaninsa, wat nawa ne, na Nichia ne ko na Osram, sai an zo kan lensi kuma ya ce a ba shi kowanne ma. To gaskiya nan ake yin asara. Dayod shi kaɗai ba ya fitar da haske siriri, a baje yake fitowa, kuma bajewar ba ɗaya ba ce, ta gefe ɗaya zai iya buɗewa digiri 30 zuwa 40 ko fiye, ta ɗaya gefen kuma wajen digiri 10, shi yasa idan ka kunna shi ba lensi zaka ga wani dogon tabo ne a bango ba ɗigo ba. Lensi ne ke tattaro hasken nan, kuma shi zai yanke maka nawa zai fito, nawa zai mutu a cikin gidan ƙarfen da dayod ke zaune ya koma zafi.

Kafin ma ka duba wani abu duba tiredi, wato zaren da ake murɗa lensi a kai. Yawancin gidajen dayod ɗin nan masu faɗin milimita 12, irin na Aixiz da masu kama da shi, tiredinsu M9x0.5 ne. Akwai lensi masu M12 da wasu girman daban, a hoto duk kamarsu ɗaya, sai kaya sun iso bayan doguwar jira ka ga ya ƙi ɗauruwa. Idan mai sayarwa bai rubuta ba ka tambaye shi, in ya kasa amsawa ka wuce gaba.

Lensin roba shi ne mafi araha, shi ke zuwa kyauta a cikin gidan ma. Ga jan dayod mai nanomita 650 (nanomita ce awon kalar haske) ɗan ƙarami, ko wanda ka ciro daga tsohon DVD mai rubutawa baka matsa masa ba, yana yi lafiya lau. Amma kada ka sa shi gaban shuɗin dayod mai 445 ko 450, irin M140 da ake cirowa daga furojektan Casio, balle NUBM44 mai wajen wat 6. Zai yi hazo, ya ƙone, wani lokacin hayaƙinsa ya shafi tagar dayod ɗin shi ma ya lalace. Hasken 405 na Blu-ray ma cin roba yake a hankali ko da ƙarfin ba yawa.

Sai mai gilashi uku. Wannan ni ina ganin ana raina shi ba gaira ba dalili. Laifinsa ɗaya ne, ba ya kama hasken duka, gefe-gefen da suka baje sosai yankewa yake, saboda haka abin da ke fita bai fi kashi 70 cikin ɗari ba ko sama kaɗan. Amma wannan yankewar ita ce amfaninsa, dattin hasken nan na gefe shi yake zubarwa, sai ɗigon ya fito tsaf ba fukafukai. Idan zane kake a kan fata ko katako, rubutu ƙanana, hoton fuska, inda siririn layi ya fi ƙarfi muhimmanci, wallahi da yawa zasu fi jin daɗin wannan.

G-2 kuma gilashi ɗaya ne tal mai lanƙwasa ta musamman, fokos ɗinsa, wato tazarar da yake tattara haske, gajere wajen milimita 4, yana zama dab da dayod ya kwashe kusan komai, sama da kashi 90. Kaga da dayod ɗaya da direba ɗaya, wato allon da ke ba shi wuta, canza lensi kawai zai iya ƙara maka kusan kwata na ƙarfi ko fiye, shi yasa masu son ganin lamba a mitar awon ƙarfi suke haukarsa. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba, lensi hoton bakin dayod yake ɗauka ya kai maka kan katako, kuma gwargwadon gajartar fokos gwargwadon girman hoton. A tazarar wajen santimita 4 zuwa 5, mai milimita 4 zai faɗaɗa hoton kusan sau 10, mai milimita 8 kuwa kusan sau 5. Manyan shuɗayen dayod ɗin nan bakinsu ba ɗigo ba ne, ɗan layi ne, to da G-2 sai ka samu ɗan sanda maimakon ɗigo, yankan da ya bi tsaye daban wanda ya bi kwance daban. Ƙarfi ya ƙaru amma ya bazu a fili mai faɗi, kamar ruwan tiyo ne da baka matse bakinsa ba.

Nan ne G-7 da G-8 suka shigo, fokos wajen milimita 7 da 8. Suna wuce mai gilashi uku a yawan hasken da ke fita, ba su kai G-2 ba, amma ɗigonsu ya fi na G-2 ƙanƙanta kuma hasken ba ya saurin bajewa a nesa. Idan dayod ɗinka babba ne mai wat da yawa kuma lensi ɗaya kawai zaka iya saya, ni G-8 zan ce maka. Idan kuma ƙaramin dayod ne mai tsaftataccen haske, irin su 405 ko koren 520 na Osram, G-2 ba shi da matsala sam, tunda bakin dama ƙarami ne. Masu son gyara sandar nan gaba ɗaya sukan ƙara lensi biyu masu siffar silinda a gaba, amma wannan sai an yi masa mazauni da saiti, ba aikin farko ba ne.

Sai maganar shafen da ke kan gilashi, wanda ke rage komawar haske baya. Gilashin da ba shafe yana mayar da kusan kashi 4 na haske baya a kowace fuska, mai gilashi uku fuska shida gare shi, yi lissafi da kanka. Kuma hasken da ya koma cikin dayod ba alheri ba ne gare shi. Shafen na kala ne, akwai na 405 zuwa 450, akwai na ja, akwai mai faɗi da ya ɗauki 400 zuwa 700. Kada ka sai na ja ka ɗora wa shuɗi dan yafi araha.

Wajen saye, AliExpress da eBay nan ne kowa ke zuwa, amma sunan G-2 ba na kamfani ɗaya ba ne yanzu, kowa liƙa shi yake, dan haka ka nemi wanda ya rubuta tsawon fokos da shafe da tiredi a fili, kuma ka sai biyu tunda kuɗin turowa ne ke cin mutum ba lensin ba. Thorlabs da Edmund Optics suna da masu takardar bayani cikakkiya, wasu ma a tiredin M9x0.5 suke, sai dai kuɗin guda ɗaya zai iya fin na dayod ɗinka. Lensin da ke cikin tsohon DVD na wajen masu gyaran kwamfuta yana da daɗin gwaji, amma da yawansu roba ne kuma ba mazauni.

Idan ya iso, a G-2 fuskar da ba ta da tudu sosai ita ke kallon dayod, mai tudun ta kalli waje. Ka ɗaura a hankali dan yana matsowa kusa sosai, in ka zura da ƙarfi zai iya taɓa dayod ɗin. In tiredi na rawa ɗan farin tef na masu gyaran famfo ya isa. Ƙura kuma, mu da ke fama da ita lokacin hunturu, ƙwaya ɗaya a kan gilashi gaban wat 5 ƙonewa take ta bar tabo, hayaƙin katako ma haka, saboda haka a rufe in ba a aiki, a goge da isofurofil da takardar goge lensi, ba bakin riga ba.

Kuma dan Allah ɗan uwa, kafin ka taɓa saitin fokos ka sa tabarau na leza wanda aka yi wa kalar dayod ɗinka, mai OD 4 zuwa sama, OD shi ne awon yadda tabarau ke tare haske. Duk abin da ya wuce miliwat 500 aji na 4 ne, ajin leza mafi haɗari, ko hasken da ya dawo daga bango zai iya cutar da ido, kuma lokacin murɗa lensi ne fuskarka ta fi kusa da shi. Ka rage ƙarfi ƙasa sosai ka yi saitin, yara su fita daga ɗakin, sannan ka ƙara wuta.