Google Fonts a aikin tambarin kamfani: abin da ya dace da ɗan kasuwar Kano

Google Fonts rumbun samfuran haruffa ne da Google ya buɗe a 2010, kuma kyauta ake saukewa. Yawancinsu lasisinsu ya halatta a sa su a tambari, allon shago, sitika ko buhun shinkafa ba tare da biyan ko kwabo ba. Babban abin da ya hana shi ne a sayar da fayil ɗin haruffan shi kaɗai.

Matsalar tana wajen haruffa masu lanƙwasa. Da yawa daga cikin samfuran da suka fi ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, balle manyansu. Idan babu, kwamfuta sai ta aro harafin daga wani samfurin, ko ta bar akwati a gurbinsa. Shi ya sa za ka ga allo a Kantin Kwari an rubuta "Ƙwarai" amma Ƙ ɗin siririya, sauran haruffan masu kauri. Wasu masu zane kan cire lanƙwasar su huta, su bar mai karatu da laluben ko ƙafa ake nufi ko kafa. Don haka kafin a zaɓa, a rubuta wannan a gwada: Ƙanƙara Ɗanɗano Ɓawo ₦2,500, da ƙanana da manyan baƙaƙe, siriri da mai kauri. Alamar naira ma takan ɓace. Kada a tsaya ga abin da shafin ya nuna, a sauke a gwada cikin manhajar zane ta CorelDRAW, tunda da shi mafi yawan masu ɗab'i ke aiki.

Waɗanda ke cin wannan gwaji sun haɗa da Noto Sans, Andika, Charis SIL da Gentium. Noto Sans ya fi yawan matakan kauri, shi ya fi dacewa da rasit da bayanin jikin kaya. Charis SIL na da kwarjini a takardar ofis. Andika saboda masu koyon karatu aka yi shi, ya fi kyau ga makaranta. Mai son ajami a tambarinsa ya duba Alkalami na SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, wanda aka zana bisa salon rubutun hannun Kano, sai dai kaurinsa ɗaya ne a rumbun.

Samfurin haruffa biyu sun isa kamfani: ɗaya na suna da kanu, ɗaya na bayani. A guji siriri a kan leda da buhu, tawada ba ta kama shi sosai, kuma idan girman harafi ya yi ƙasa da maki 7 lanƙwasar ɗ takan cushe ta koma d. A allon titi, a ba harafi tsayin santimita 2.5 ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu.

Wani tarko: fayil ɗin da ke sauka sau da yawa mai ɗauke da matakan kauri da yawa ne a guda, wanda CorelDRAW na kafin 2020 ba ya sarrafa shi. A buɗe jakar da aka rubuta wa static a ɗora waɗanda ke ciki. Kafin a kai wa mai ɗab'i, a danna Ctrl+Q rubutun ya zama zane, a kuma ajiye kwafin da ba a juya ba saboda gyara.

Raunin Google Fonts shi ne kowa na iya ɗauka, har maƙwabcin shagonka. Ga rubutun yau da kullum ya wadatar, amma sunan kamfanin kansa gara a biya mai zane ya sake fasalin haruffan da hannu.